Gwaggo da Hoton Tsakar Rana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu tafiya. Ta rasu a ɗakinta a Gwaram bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka yi mata sutura aka kai ta kafin azahar. Yayar mahaifina ce, ita ce kuma ta riƙe ni tun daga yaye har aure. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana jikokinmu su ji an ce Gwaggo su tambaya wace ce.

Ranar farko ta zaman makoki gidan ya rikice. Mata sun zo daga Kiyako da Kwandiko da Yalwan Damai, har da waɗanda ban taɓa gani ba, amma an rasa wanda ya san inda manyan tabarmi suke. Wani ɗakin an kai masa abinci har ya yi yawa, wani ko ruwan sha ba a kai ba. Wata tsohuwa daga Kwandiko ta dubi yadda takalma suka toshe ƙofa, ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Da matar nan tana da rai, da tuni ta kore mu waje ta sake shigo da mu bi da bi." Aka yi dariya, daga dariyar aka koma kuka.

Duk wadda ta durƙusa gaisuwa, in ta gama "Allah ya ji ƙanta," sai ta ƙara da "ita ta tsara bikina." Wata ta ce nata da na 'ya'yanta. Da la'asar aka yi sallama da ni a zaure, na fita na tarar da mai hoton nan na Birnin Kudu, wanda ya ɗauki yawancin auren danginmu, gemunsa ya yi fari fat. Ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce, "Hajiya ba ta taɓa bari na tafi ba mu yi faɗa ba, ba ta kuma taɓa bari na tafi ban ci abinci ba. Yanzu da wa zan yi?"

Inna, mahaifiyata, ita ma ta zo daga Kiyako. Ta shigo ta gaisa da kowa, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta je can ƙarshen rumfa ta zauna. Babu wanda ya ga laifinta, domin ni ce 'yar fari. Inna mace ce mai tsananin alkunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "waccan" ko "'yar Yaya." Ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ba ƙi ba ne. Ina ƙarama a Gwaram takan aiko da ƙuli-ƙuli da soyayyiyar gyaɗa ta ce a kai wa Yaya, alhali duk dangi sun san Gwaggo haƙoranta ba sa son abu mai tauri. Na san tana sona, amma sanin bai taɓa hana ni jin ciwo ba. Shi ya sa da aka ce Gwaggo ta cika, bayan baƙin ciki sai tsoro ya kama ni. Duk wata haɗuwa da na taɓa yi da Inna, Gwaggo ce ta shirya ta. Na ce a raina, ke nan uwa biyu zan rasa a rana ɗaya.

Gwaggo doguwa ce, mai murya, ba ta iya raɗa ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da auren 'ya'yan dangi aikinta. Tana da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don ta mutu; ta sha sa matan ƙannenta kuka a kan gishirin miya. Amma in an sa ranar aure, waɗanda ta sa kukan su ne ke fara aika mata.

Yadda ta fara ɗaure ranar biki a kan hoto, ita da kanta ta sha ba mu labari. A auren wata ƙanwarta aka ɗauko mai hoto tun daga Birnin Kudu, lokacin ana jin ɗaukar hoto kamar zuwa Makka. Aka bar shi a zaure ana ta hidima, ba a tuna da shi ba sai da aka kira magariba. Da hotunan suka fito, in ji Gwaggo, babu abin da ake gani sai haƙora da fararen idanu, har amarya ta kasa nuna kanta a ciki. Tun daga ranar ta ɗauki alwashi. Karin maganarta kowa a danginmu ya haddace shi: "Tuwo in ya huce a ɗumama, amarya in ta yi kuka a rarrashe ta, rana in ta faɗi wa zai ɗago ta?"

Da an sa rana, kafin ta tambayi buhun shinkafa nawa aka saya, mai hoto take fara nema. In an ce mata ai da sauran lokaci, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ta zaunar da shi ta ce, "Yaushe kake son ranarka?" Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi ta daina shiga ido. Daga nan take komawa da baya. In za a ɗauki hoto da la'asar, to kwalliya ta ƙare kafin ladan ya kira, wanka kuma ana idar da azahar, lalle tun jiya ya kama. Ba ta ɗaura agogo, da kiran salla da inuwar katanga take aiki. Yara a ɗauke su kafin a ba su abinci, don ta san abin da manja yake yi wa sabon ɗinki. Tsofaffin da suka zo daga ƙauyuka a sallame su da wuri kafin motarsu ta tashi. Amarya kuwa ba a kai ta wurin iyaye su yi mata faɗa sai an gama da ita. "Ku bari a ɗauke ta da idonta," take cewa, "in ya so ku sa ta kuka har gobe." Abokan ango su kaɗai take yi wa ƙarya, ta ce musu su zo da azahar alhali da la'asar take son su. Takan ce, "Allah ya yafe mini, amma waɗannan in na gaya musu gaskiya sai sun ga taurari."

Akwai wata jaka da take ratayawa a kowane biki, mutane suna zaton goro ne a ciki. Mayafai ne. In ta hango wata 'yar uwa tana raɓewa a bayan layi don nata ya koɗe, sai ta zaro ɗaya ta miƙa mata tana harara, ta ce, "Riƙe mini wannan, ya dame ni. Yafa shi mana, a hannu za ki riƙe kamar tsumma?" Sannan ta jawo ta gaba kusa da amarya. Ban taɓa ganin ta karɓi mayafin da ta ba da riƙo ba.

Da wayoyi suka zo, kowace yarinya ta zama mai hoto, ga masu kwalliya da ke cinye rabin yini a kan gira ɗaya, Gwaggo ba ta ja da baya ba. Ta ce da can da mutum ɗaya take faɗa, yanzu da gida guda, kuma ta fi jin daɗin haka.

Aurena bayan kaka aka yi shi, a gidan Baba a Kiyako, mijin kuma ɗan Birnin Kudu ne. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mu kuwa tamu uwar ɗiyar ta riga ranar jin kunyar. Tun da muka sauka ni da Gwaggo, Inna ta fara zagaye duk inda nake. Wata safiya muna tsince shinkafa mu biyu a bayan rumbu, na daure na ce, "Gwaggo, Inna za ta shiga hoto?"

"Uwarki? A bikinki? Ko a gidan ba za ta yini ba. Maƙwabta za ta koma, yadda uwarta ta yi mata."

"Na sani."

"To me ya sa kika tambaya?"

Na sunkuyar da kai a kan shinkafar. Ta ci gaba da fitar da tsakuwa tana jefarwa, can ta ce, "Ɗaya kike so ko da yawa?"

"Ɗaya."

"To daina yi wa mutane kuka a cikin shinkafa."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai na ga tsarin ya fara sauyawa, mata suna ƙorafi. Ta ce a yi mini kwalliya tun da hantsi. Mai kwalliya ta ce ai kafin la'asar gumi ya wanke ta, Gwaggo ta ce in ya wanke a sake. Ta ce rabon abincin maza za a fara shi daidai lokacin da ake ɗaurin aure a ƙofar masallaci, kuma duk macen da ke da hannu biyu a unguwar, har matan maƙwabta, tana son ta gan ta a bakin tukunya. Da mai hoto ya zo ganin wuri ana gobe biki, ta ja shi gefe, amma na ce muku ba ta iya raɗa ba, ina ɗaki ina jin komai.

Ya ce, "Hajiya, da tsakar rana? Ido zai zurma, fuska ta yi baƙi. Kuma lokacin ɗaurin aure ne, ango zai neme ni."

"Ango yana da fuska gobe."

"Ni za a zaga, ba ke ba."

"In an zage ka ka turo su wurina, na fi ka iya ramawa."

Ya ce shi dai ba zai ɓata sunansa ba, in hoton tsakar rana take so ta nemi wani. Ya ɗauki hularsa har ya kai bakin zaure. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, tun kana da baƙin gemu nake bin ranarka. Na hana mutane abinci saboda kai, na hana amare kuka saboda kai. Gobe kaɗai ka bi tawa." Ya tsaya, ya juya hular a hannu, ya ce Allah ya kai mu.

Washegari rana ta take, maza sun tafi ƙofar masallaci, mata sun rufu a kan tukwane ana ta kiran a miƙo kwanuka. Gwaggo ta shigo ɗakin da nake da ƙawayena, ta aike su duka su je su tari matan dangin ango, waɗanda ta san ko tasowa ba su yi ba. Ta rufa mini mayafi ta ja hannuna ta ƙofar baya, muka bi ta gefen darni muka shiga gidan maƙwabta. Ta riga ta nemi izinin maigidan, mai hoto yana tsaye a bakin zaure yana duban sama yana tsaki.

Inna ita kaɗai ce a gidan. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar mutane don ta rasa abin yi da hannunta. Ta ɗago ta gan ni cikin kayan amarya, sai ta miƙe zumbur ta nufi ɗaki.

Gwaggo ta ce, "Matarmu, ina za ki?" Haka take kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Yaya, don Allah."

"Don Allah me? Ba ke na zo ɗauka ba, ba kuma wannan ba. Ni za a ɗauka. Na tsufa ina jera mutane, ba ni da hoton kirki ko ɗaya. Ga gwiwar nan ba ta riƙe ni. Ke kama ni ta nan, ke kuma kama ni ta nan."

Inna ba ta taɓa yi wa yayar mijinta musu ba, kuma ba ranar za ta fara ba. Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta zo ta kama gwiwar hannun Gwaggo na hagu, ta kau da fuska tana kallon katanga. Ni na kama na dama. Mai hoto ya shigo yana cewa mu matsa inuwa, ya duba inuwar ya ce a'a mu dawo, ya ce shi dai ya faɗa. Ya ɗaga kyamara ya ce mu shirya.

Sai Gwaggo ta ce, "Af, takalmina," ta zame ta yi baya. Matar da gwiwa ba ta riƙe ta, ta fice daga tsakaninmu kamar budurwa.

Hannun Inna ya rasa abin da yake riƙe da shi, ya sauka a kan tsintsiyar hannuna. Na ji kaushinsa. Na jira ta janye, ba ta janye ba. Mai hoto, Allah ya saka masa, bai tsaya tambaya ba ya danna. Inna ba ta dube ni ba, katangar take kallo, amma ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri a can. Ki riƙa cin abinci." Sannan ta sake ni ta shige ɗaki ta saki labule. Wannan ce magana ta farko da na san ta yi mini ni kaɗai, ba ta bakin wani ba.

Abin da ya biyo baya bai yi wa Gwaggo daɗi ba. An shafa fatiha, ango ya zagaya gaisuwa, abokansa suna ta neman mai hoto babu shi. Baba ya shigo gida ransa a ɓace yana cewa an kunyata shi a gaban surukai. Gwaggo ta ce, "Ni na aike shi," ya ce ina, ta ce inda ta ga dama. Sun daɗe ba sa gaisuwar kirki a kan wannan. Kwalliyata kuwa ta narke yadda aka faɗa, ga kukan da na ƙara mata, aka sake sabuwa, hoton la'asar ya makara, tsofaffin Kwandiko suka tafi ba a ɗauke su ba. A duk bukukuwan da ta tsara, nawa ne kaɗai ya karkace, kuma mata sun daɗe suna yi mata gori da shi: ga mai gyaran na wasu, na 'yarta ya gagare ta. Ba ta taɓa kare kanta ba. Mijina har yau in ya so tsokanata sai ya ce shi ba shi da shaidar an ɗaura masa aure.

Hoton ya fito yadda mai shi ya ce. Idanunmu sun zurma, goshina yana ƙyalli, Inna tana kallon katanga. Tsakanina da ita akwai fili daidai faɗin Gwaggo, hannun Inna ya tsallaka shi. A can gefe ana ganin bakin mayafin wadda ta gudu. Guda biyu ya wanke ya kawo wa Gwaggo. Ta ba ni ɗaya, ɗayan ta kai wa Inna ta ce ta ajiye mata, ita ba ta da wurin ajiya. Ƙanwata ta ce mini yana ƙasan akwatin Inna, cikin zanen da ba ta ɗaurawa.

Daga nan abin ya zame wa Gwaggo jiki. Ranar sunan ɗana na fari ta ce wake bai tsintu ba, ta tura ni da Inna bayan ɗaki mu sake tsince shi, ta tsaya a bakin hanya tana korar duk mai zuwa. Da Salla in mun haɗu a Gwaram sai ta rasa mai gyara mata gado ko mai ninke mata kaya sai mu biyu. Ba wata doguwar hira muke yi ba. Inna ta tambayi yara, ta ce na rame, in ce ban rame ba, shi ke nan. Da mun ji takun wani sai ta tashi. Amma da waɗannan 'yan mintocin na rayu, kuma ko ɗaya ba mu taɓa samar wa kanmu ba, sai Gwaggo ta yanko mana daga cikin hidimar mutane.

Da ciwo ya kwantar da ita ma ba ta bar tsari ba. Ina ba ta kunu tana tambaya ko an gaya wa mai hoto ranar auren jikar wani baffana. Da ta ga jikin ya ƙi, ta ce mini, "In na tafi kada ku ajiye ni kuna jiran na Kano. Rana tana yi, ku kai ni, su tarar da addu'a." Haka aka yi.

Kwanakin makoki suka yi ta wucewa, Inna tana ƙarshen rumfa ina bakin ƙofar ɗakin Gwaggo ina karɓar gaisuwa. In an kawo abinci sai in ga an turo mini nama daga wani kwano, ba a ce daga wa ba. Na fara haƙura. Na ce wannan shi ne rabona daga yanzu, nama daga kwanon da ba shi da suna.

Ranar sadakar bakwai aka yi addu'a, baƙi suka fara haɗa kaya. Gidan cike yake, matan Kwandiko suna nan, surukaina na Birnin Kudu suna nan. Aka aiko cewa motar Kiyako ta cika, Inna kaɗai ake jira. Ta fito da ƙullin kayanta ta bi mutane tana sallama ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo daidai inda nake na sunkuyar da kai don in sauƙaƙa mata wucewa. Sai na ga ta ajiye ƙullin. Ta cire takalmi ta zauna a kan tabarmata, a gaban kowa. Hirar da ake yi a rumfar ta tsaya.

Ba ta dube ni ba, bangon ɗakin Gwaggo take kallo. Ta ce, "Matso."

Na matsa har kafaɗata ta taɓa tata.

Ta ce, "Yanzu babu mai tsara mana. Sai mu iya da kanmu."

Direba ya yi ta danna hon a ƙofar gida, Inna ba ta tashi ba.

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya yafe mata faɗanta da ƙaryar da ta yi wa abokan ango, ya haskaka kabarinta, ya ba ta hutun da ba ta taɓa yarda ta yi ba a bikin kowa.